Iya Mai Dashe Ta Je Sayen Bindiga

Ranar da Kofur ya harbi mangwaron Iya Mai Dashe, cewa ya yi taimakonta ya yi. Har yau bai sauya baki ba.

Sana'ar Iya dashe ce. Bayan gidanta akwai ɗan fili, ta jera baƙaƙen ledoji cike da ƙasa layi-layi, kowace da tsiron mangwaro a ciki. In tsiro ya kai kaurin yatsa sai ta fille kansa, ta tsaga shi da wuƙa, ta yanko ɗan reshe daga babbar bishiyar da ke jikin katanga ta cusa a tsagar, ta naɗe da leda tamau. Shi ake ce wa aure. Ƙwallon mangwaro ko a juji ka tsince shi zai tsiro, amma abin da zai haifa maka sai tsami da zare. Abin da ke kawo mutane ƙofar Iya daga nesa shi ne irin wannan babbar bishiyar, mai 'ya'ya kamar kan jariri, zaƙi har ƙwallo. Da hannunta ta dasa ta tun tana goyon fari. Uwa take ce mata. In babu Uwa babu aure, in babu aure kuwa Iya ta koma mai tallan ƙasa a leda.

Kofur maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba su. Bai taɓa shiga soja ba, kada ma wani ya ruɗe ku. Gadi ya yi a wata ma'aikata har ƙarfinsa ya ƙare, ya dawo gida da tsohuwar kaki, da tafiya irin ta fareti, da bindiga mai baki biyu. Yana da 'yar masara da gyaɗa a bayan ɗakinsa. A shekarar nan kurege ya yi yawa. Su kwana a kan Uwa, su sauko su tone wa Iya ƙwallaye daga leda, su gwaguye ɗaurin aure, sannan su bi katanga su faɗa masarar Kofur. Duk su biyun ana cutarsu. Sai dai ita tana tunanin yadda za ta yi, shi kuwa bai tsaya tunani ba.

Ran nan Iya ta fita sayen leda da safe. Ta dawo ta tarar da ganye ya rufe tsakar gida kamar an yi guguwa, ƙananan mangwaro a zube, jikin Uwa duk ya yi zanzana. Ashe Kofur ne ya hau kan durom daga ɓangarensa ya sakar mata baki biyun a lokaci guda. Kurege kuwa ko gashin jela bai bari ba.

Da farko ta ɗauka bishiyar za ta shanye. Ina! Kowane rami ya fara zubar da ƙaro, ƙaron ya yi baƙi, ɓawo ya ɗaɗɗage. Rassan da ke kallon gidan Kofur suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Reshe guda ya rage mai rai, wanda ya sunkuyo ta kan ledojinta. Iya ta jingina tsani, ta hau da wuƙar aurenta, ta dinga ƙwaƙulo ƙwayoyin dalma daga jikin itacen tana zubawa a gwangwanin madara. Ba ta yi kuka ba. Zagi dai ta yi shi har muryarta ta dishe.

Ta kai ƙara wurin taron maƙwabta, wanda ake yi a wani aji na makarantar ƙarshen layi. Manya-manyan mutane sun matse kansu a bencin yara, gwiwa har ƙirji. Ciyaman, wato mai kemis ɗin bakin titi, yana zaune a teburin malami yana wasa da alli.

Iya ta girgiza gwangwaninta ta ajiye a gabansa. "Ga abin da na ciro a jikin 'yata."

"Wace 'yar taki, Iya?"

"Ka san ta. Ka sha 'ya'yanta har ka aika a ƙaro maka."

Aka yi dariya. Kofur ya miƙe ya gyara wuyan kaki. "Ranka ya daɗe, ni kurege na harba. In itace ya tsaya a hanya, laifin wa? Bindiga bindiga ce, ba ta da ido. Ni da na zaci za a zo a yi mini godiya."

"Godiya? Ka zo gida in dafa maka ita."

"Iya, a yi haƙuri," in ji Ciyaman. "Maganar kurege ce fa. Kada mu mai da ita shari'ar kisan kai."

Wannan kalma ta "kurege ce fa" ita ta fi ƙona mata rai. Da shagon ɗaya daga cikinsu aka ɓarke da harbi, da tuni an kira hukuma. Amma abincin tsohuwa ne, sai ya zama abin raha. Suka yi ta magana a kanta kamar ba ta wurin. Wani ya ce kuregen ya shiga masa silin. Wani ya ce ya cinye masa wayar lantarki. Kafin ta ankara, ita da ta kawo ƙara ta koma wadda ake ƙara. Aka yanke cewa bishiyarta ce masaukin ɓarayin. In har mangwaro ya fara nuna kurege bai daina tsallaka katanga ba, to ɗayan biyu: ko Kofur ya ƙara harbi, ko a kira mai zarto a kwantar da bishiyar.

"To abin da ya kashe mini fa?" ta tambaya.

"Wannan a bar wa Allah," in ji Ciyaman.

"Allah na nan, ban manta da Shi ba. Amma ku ma kuna nan." Ta ɗauki gwangwaninta. "Kurege nawa ne, kun ce. To ni zan kashe abina. Kada wanda ya ƙara ɗaga mini ƙarfe a kan katanga."

Autarta, wadda ke ɗinki a kasuwa, ta zo da yamma ta same ta tana wasa wuƙa.

"Iya, ki sa guba mana ki huta."

"Kajina fa? Da 'ya'yan mutane da ke tsintar abin da ya faɗo?"

"To tarko."

"Na kafa. Ɗaya ya kama, sauran suka je makaranta a kansa. Yanzu cinye gyaɗar suke yi su bar mini kashi a ciki."

"Kyanwa fa?"

"Wadda kika kawo mini? Tana can tana barci tare da su. Gobe ki rufe keken nan naki ki raka ni. Bindiga zan saya."

Auta ta riƙe haɓa. "Ke Iya! Da tsufanki? Me mutane za su ce?"

"Abin da suka ce ranar da aka harbi Uwa. Ba komai."

Shagon yana can bayan layin masu ƙarafa, ɗan siriri mai zurfi, yana warin man bindiga da fata. Ƙugiyoyin kamun kifi a kwali, takalman daji a rataye, bindigogi a jere cikin akwatin gilashi an sarƙafe su da sarƙa. Mai shagon wani ƙaton mutum ne mai tabarau ɗaure da igiya, yana goge wani ƙarfe da tsumma. Ya dubi Auta, ya dubi Iya.

"Sannunku da zuwa. Maigida ne ya aiko ku, ko yaro za a saya wa?"

"Maigida ya daɗe a ƙasa. Yaron kuma ga shi a gabanka."

Ya ajiye tsumman. "To Mama, wa ya taɓa ki?"

"Kurege."

Bai yi dariya ba, wannan ya sa ta ɗan sassauta fuska. Ya buɗe sarƙa ya zaro wata doguwa mai baki ɗaya ya shimfiɗa a kan gilashi. "Ga wadda yawanci ke ɗauka. Mai watsi ce. Harsashi ɗaya, ƙwaya ba adadi. Ki nuna wajen da yake kawai ki ja kunama. Ko makaho ya harba sai ya samu rabonsa."

Iya ta kwance bakin zaninta ta fito da gwangwani, ta juye shi a kan gilashin. Ƙwayoyin suka watsu suna gangarawa, wasu da ɓawon itace manne a jiki, wasu da baƙin ƙaro.

"Irin wannan rabon?"

Mutumin ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da tabarau, ya shinshina. "Wannan daga jikin mangwaro aka ciro ta."

"Daga jikin abincina."

Ta ba shi labari tun daga durom har bencin yara. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama ya mai da doguwar cikin akwati, ya tattara mata ƙwayoyinta da gefen hannu ya zuba a gwangwani.

"To mun fahimci juna. Ke ba kisa kawai kike nema ba, kisa kike so wanda ba zai taɓa itace ba." Ya zaro wata siririya mai kyan gani. "Wannan ƙwaya ɗaya take fitarwa, da albarushi take aiki. Inda kika nuna nan za ta. Sai dai tana huda kurege ta wuce abinta, ta yi tafiya mai nisa. Me ke bayan bishiyar?"

"Tagar Kofur."

"A'a."

"Naɗe mini ita."

"Iya!" in ji Auta.

"Bayan tagar fa?" ya tambaya yana danne murmushi.

Iya ta kawar da kai. "Titi. Sai makaranta."

"Kin gani." Ya mai da ita. "Ba zan sayar miki da abin da zai sa a zo a rufe mu ni da ke ba. Taki tana nan ƙasa." Ya sunkuya da ƙyar ya fito da guda uku ya jera. "Bindigar iska. Ba albarushi, ba ƙara mai tada unguwa. Karya ta ake yi a tsakiya, a sa ƙwaya ɗaya, a mayar. Daga inda za ki zauna zuwa inda suke, nisan ya kai yaya?"

"Igiyar shanya biyu in an ƙulla."

"Ta isa. In ya fi haka kada ki harba, raunata shi za ki yi ya je ya mutu a silin ɗin mutane, su ce ke kika kawo musu wari. Ƙwaya kuma mai kauri za ki ɗauka, ba 'yar siririyar da ake harbin takarda da ita ba. A kai ko a ƙirji, sau ɗaya, ya huta ki huta. Yanzu karya wannan mu gani. Bindigar da ba za ki iya karyawa da kanki ba, ba taki ba ce."

Ta farko ta fi ƙarfinta, ta yi nishi har jijiyar wuya ta tashi, ƙarfen ko gezau. Ta biyu kamar ta wasan yara, mai shago da kansa ya ce wannan sai dai ta yi wa kurege susa. Ta uku ta kafa gindinta a cinya ta ja bakin ƙasa da hannun da ya saba tsaga itace, ta ji ƙas.

"Madalla. Mu je baya."

Bayan shagon wani lungu ne mai tsawo, an tara buhunan yashi a ƙarshensa, an kafa allo an manna murafun gwangwani. Ya nuna mata yadda za ta kafa gindin a kafaɗar dama, ta kwantar da kunci, ta daidaita ɗan tsinin gaba a cikin tsagar baya, ta ɗora su a kan murfi. Ta ja kunama. Ƙura ta tashi a bango, can gefe. Ta sake. Wannan karon wani tsohon bokiti ne ya amsa. Ta yi ta karyawa tana harbi har gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Murfi bai san ana yi ba. Allon ma kansa ba ta taɓa shi ba.

Mai shago ya karɓi bindigar ya harba, murfi ya yi tsalle. Ya miƙa mata yana sosa ƙeya.

"Mama, gaskiya ɗaya ce. Ba kowa aka yi wa wannan ba. Ko ki ɗauki mai watsin, ko ki nemi wanda zai harba miki."

"Wanda zai harba mini ai na samu. Shi ya kawo ni nan."

"Iya, mu tafi," in ji Auta a hankali. "An gwada."

"Ke tafi. Ni ko nan zan kwana sai na huda murfin can. Miƙo ƙwaya."

Ya miƙa mata. Amma wannan karon bai kalli allo ba, ya zagayo gefe ya tsaya yana kallon fuskarta. Ta ɗaga, ta kwantar da kunci, ta runtse ido.

"Tsaya. Kada ki motsa. Me kike gani?"

"Hazo."

"Murfin fa?"

"Yana cikin hazon. Na san wajen da yake."

"Buɗe idon da kika rufe."

Ta buɗe. "To ga shi can, har da tsatsar jikinsa."

Mutumin ya cire tabarau ya matso ya leƙa idonta na dama. Wata farar yana ta kwanta a kan ƙwayar kamar an ɗiga madara a shayi.

"Mama, ido ɗaya gare ki mai aiki, shi kuma kike rufewa! Wa ya ce ki rufe na hagu?"

"Haka na ga ana yi. Haka Kofur ke yi, haka kai ma ka yi yanzu. Ko ƙarya na faɗa?"

Ya fashe da dariya har ya dafa bango. Auta kuwa ba ta yi dariya ba. Ta riƙo fuskar uwarta ta juyo da ita wajen haske.

"Shi ya sa kike karkata kai in kina aure. Na zaci wuyanki ne. Tun yaushe, Iya?"

"Sakar mini fuska. Ido ɗaya ya ishe ni ganin wanda ya cuce ni."

"Asibiti za mu."

"In Uwa ta tsira."

Mai shago ya ce ta mai da bindigar kafaɗar hagu. Sai ga wata matsala: gindin bindigar an yi masa tudu a gefe ɗaya don kuncin mai harbi da dama, ta hagu kuwa kaifin katakon ne ke cin fuska. Ya koma ciki ya daɗe yana ture kwalaye, ya fito da wata yana hure mata ƙura. Ba ta da kyau ko kaɗan. Fentin ya koɗe, gindin a miƙe sumul, ba tudu ta ko'ina.

"Wannan ta gaji da zama, ba mai kallonta. Ƙarfinsu ɗaya da waccan. Ba ruwanta da dama ko hagu."

"Irina ce," in ji Iya.

Ya gwada tsawon hannunta, ya ga gindin ya yi mata nisa, ya sa zarto ya rage shi, ya goge bakin da takarda mai yashi. Ta karya, ta sa ƙwaya, ta kafa a hagu. Hannun ya ji baƙunta, yatsan yana laluben kunama kamar sabon almakashi. Ta rufe idon nan mai yana. Ta ja. Murfin ya yi ƙara ya karkace, an cinye masa gefe.

Ta miƙa hannu a ƙaro ƙwaya.

Da za su tafi ya naɗe bindigar a buhu ya riƙe bai saki ba. "Abu ɗaya, Mama. Wannan ma in ta shiga itace rauni ne, ƙarami dai. Kada ki harbe shi a kan reshe. Kada ki harbe shi a kan katanga, don ba ki san wa ke tsaye a baya ba. Ki sauko da shi ƙasa, ki tabbata akwai abin da zai tare ƙwaya a bayansa."

"Ƙasa kuwa ina da ita buhu-buhu."

A gindin katanga ta jera buhunan ƙasar dashe, ta ajiye tsohon faranti a gabansu ta zuba gyaɗa. Ta kafa turmi a kife kusa da randar wanke ledoji don ta ɗora bakin bindiga, ta ajiye kujera 'yar tsugune. Da farko ba ta harbi kowa ba. Ta bar su suka ci gyaɗa suka saba, ita kuma tana can gefe tana fama da murafun kwalba. Kafaɗar hagu ta yi tsami, cinya ta yi shati wurin karyawa. Matan layi suka sa mata Iya Soja. Kofur ya kan hau durom ɗinsa ya leƙo.

"Ba haka ake riƙewa ba! Wa ya taɓa ganin harbi da hagu? Wannan ma bindiga ce ko muciya?"

"Sauka kada ka faɗo, Kofur. Ba ni da tsumman ɗaure tsoho."

Ranar da ta kashe na farko ba ta ji daɗi ba. Ta ɗaga shi ta jela, jikinsa da ɗumi, gyaɗa a baki. Ta ce masa, "Kai ma abinci ka fito nema, na sani. Amma ni ko kai ne." Daga nan ta dinga ɗaukarsu ɗai-ɗai da sassafe, ta ba mai gadin makaranta naman, ta rataye jelar a igiyar shanya inda za a hango daga kan durom.

Mangwaron reshen nan ɗaya ya fara ja a kumatu. Wata safiya sai ga sallama. Ciyaman ne a gaba, Kofur na biye da bindigarsa a kafaɗa, sai wani mai zarton inji da jarkar mai a hannu, sai 'yan kallo da suka cika ƙofa.

"Iya, lokaci ya yi," in ji Ciyaman.

Ta nuna igiya da haɓa. "Ga su can."

"Jela!" in ji Kofur. "Jela ko a kasuwa ana samu. Ni dai jiya ma an ci mini masara. Waye ya ga ta harba da idonsa?"

Ba wanda ya gani. Mai zarto ya ajiye jarka ya fara kwance murfin inji. A daidai nan wata mata daga ƙofa ta ce, "Ga ɗaya can!"

Yana kan reshen mai rai, wani ƙato, ya zauna a tsakiyar sababbin tsiron da Iya ke jira su ƙosa ta yanka. Ya rungumi mangwaro yana ɓare shi.

"To ga dama, Iya," in ji Ciyaman. "Harba mu gani."

Ta zauna a kujerarta, ta karya bindiga, ta sa ƙwaya, ta ɗora bakin a kan turmi. Amma ba sama ta nuna ba. Farantin gyaɗa ta nuna.

"Yana sama, Iya! Sama!"

"Na gan shi."

"Ba ta gani," in ji Kofur. "Ku matsa." Ya sauke tasa daga kafaɗa.

Iya ba ta juyo ba. "Kofur, in ka ɗaga ƙarfen nan a cikin gidana, wallahi sai dai ka fara da ni, don gaban bishiyar zan je in tsaya. Ciyaman, kai ne shaida."

Ciyaman ya dafa bakin bindigar Kofur ya mai da shi ƙasa.

Aka tsaya. Kuregen ya ci abinsa a tsanake, ɓawo na faɗowa kan ledoji. Rana ta fara zafi. Ciyaman ya duba agogo ya ce ya bar kemis ba kowa. Wani ya ce tsoro take ji. Mai zarto ya tambaya ko ya tayar da inji, ƙarar ma ta kore shi. Gumi ya gangaro ya shiga idon Iya mai kyau, ya yi mata yaji, ba ta ɗaga hannu ta share ba. Tana jin tsinin gaba na rawa, ta saki numfashi ta bar shi ya kwanta. Ta san halinsu. Mangwaro ɗanye ba ya riƙe su in ga gyaɗa a ƙasa.

Ya saki guntun ya faɗo. Ya bi reshe, ya bi gangar jiki da kai ƙasa, ya tsaya, ya kaɗa jela, ya dubi taron. Ya diro. Ya yi gudu kaɗan ya tsaya, ya ƙara. Ya isa faranti ya ɗauki gyaɗa ya miƙe zaune, buhun ƙasa a bayansa.

Tas.

Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba. Kuregen ya kife a kan faranti, ƙafa ta ɗan shura, shi ke nan.

Matan ƙofa suka ɗauki shewa. Kofur ya ce, "Sa'a ce."

Iya ta tashi da ƙyar, gwiwa na ƙara. Ta ɗauko kuregen ta ajiye a gaban Ciyaman, ta ɗauko gwangwaninta daga taga ta ajiye kusa da shi.

"Duba nan, rami ɗaya. Je ka duba bishiya, in ka ga sabon rauni ko ɗaya a sare ta yanzu. Wannan kuwa," ta girgiza gwangwanin, "ka tambaye shi kurege nawa ya kashe da su."

Ciyaman ya yi gyaran murya. "To, ina ganin magana ta ƙare. Bishiya ta zauna. Malam, ɗauki injinka, a yi haƙuri an taso ka."

"Ba ta ƙare ba. Mai zarto, tsaya, akwai aiki. Ka ga rassan can da suka bushe? Sauke mini su, a hankali, kada ka taɓa mai ran. Su ke jawo mata ciwo." Ta juya ta fuskanci Kofur. "Kai kuma kai za ka kwashe gawar da ka yi. Ba ta kan katanga ba. Ta ƙofar gida, ta titi, a kanka."

"Ni? Ciyaman, kana ji?"

Ciyaman ya dubi kuregen, ya dubi gwangwani, ya dubi matan da suka toshe ƙofa suka yi tsit suna jiran bakinsa.

"Kofur, ai ka ce taimako kake so ka yi mata. Ga shi ya samu."

Haka aka yi. Inji ya yi ta kuka, busassun rassa suna saukowa, Iya na bi tana shafe kowane yanka da fenti. Kofur ya jingine bindigarsa a bango, ya tuɓe kaki, ya dinga ɗauka yana fita, yana dawowa. Duk wanda ya ci karo da shi a titi sai Kofur ya tsaya ya ce masa, "Taimakon tsohuwa nake yi."

Da yamma Auta ta zo ta tarar da tsani a jingine, uwarta a sama da wuƙa, ta karkata kai tana zaɓen tsiro.

"Iya, kin ce in Uwa ta tsira za mu asibiti."

"Na ce. Riƙe mini tsanin tukuna."

Ta yanko na farko ta miƙo ƙasa. Sannan ta zaro gwangwanin daga ƙugu ta ɗora shi a kan katanga, daidai saitin durom.

"Wannan fa na mene ne kuma? Ai ya kwashe itacen."

"Ya kwashe da kansa. Bai amsa laifinsa da bakinsa ba."

Gwangwanin yana nan a kan katanga. Kowace safiya kafin ta zauna a bayan turmi, sai ta miƙa hannu ta girgiza shi yadda za a ji daga ɗaya ɓangaren.